Kati Ɗaya, Hannu Biyu

Bari in fara da faɗin aibina kafin wani ya riga ni: ba na kallon fuskar mutane. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zaune a ɗakin kati na asibitinmu, bayan wata taga mai ƙarafuna da magini ya yanka daidai ƙirjin mai tsayuwa, don haka abin da ke iso ni daga duniya hannu ne kawai. Hannu ya miƙo kati, in karɓa, in buga hatimi, in mayar. Na san hannun mai wankin da sabulu ya cinye, na san na matar da ta cire zobe jiya saboda shatinsa bai ɓace ba. Amma in ka yi mini sallama a hanya, sai in amsa da fara'a in wuce ina tambayar kaina kai wane ne. Matata ta ce ko da za a sauya mata kai da na wata, sai in shekara ban lura ba, muddin hannun da ke miƙo mini abinci bai canza ba. Ban musa ba, don ba ni da hujja.

A cikin hannuwan da na haddace akwai wani mai ƙurar alli a tsakanin yatsu da ɗigon jan biro a gefen tafi. Na Malama ne. Haka kowa ke kiranta, domin tana koyarwa a makarantar 'yan mata. Mijinta ya rasu shekara uku kafin abin da zan ba ku labari, ya bar mata 'ya ɗaya tilo, mai shekara tara a lokacin labarin nan, wadda tun yana raye yake kira 'Yar Baba, sunan ya bi ta. In an tashi daga makaranta, Malama ba gida take wucewa ba. Ita da wasu mata huɗu sun kama wani ɗaki a bayan shagon tela, suka sa tebur da benci da buta, suka kafa ɗan allo a ƙofa. Aikinsu su raka mace kotu in an hana ta gadonta, su raka ta asibiti in an fasa mata baki, su karanta mata abin da addini ya ba ta na ci da sha da riƙon 'ya'ya. Malama ba ta taɓa jawo magana daga wata uwa duniya ba, littafin da ke kan kantar kowane gida shi take buɗewa, kuma ina jin shi ya sa aka fi jin haushinta. Maza suna ce mata mai raba aure. Wasu suka ce daga waje ake turo ta. Ni dai ba ruwana, katinta tsaf yake, ba ta taɓa lanƙwasa shi ba.

Wata Laraba bayan la'asar, layi ya watse ina shirin rufe taga, sai ga hannun allin nan ya dafa ƙarfe.

"Mai Kati, don Allah yi sauri. Jini take zubarwa."

"Sabon kati ko tsoho?"

"Sabo."

Na jawo takarda. "Suna? Sunan miji? Lambar wayar miji?"

Sai na ji wata murya daga ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya durƙusa. "Malama, na roƙe ki da girman Allah kada ki faɗa... Ya rantse in na sake taka inda kike, a bakin aurena, kuma 'yan biyu ba zan ƙara sa su a ido ba. Shi ya kawo simintin sabon ɗakin haihuwa, kowa a nan ya san shi. Gara ki mayar da ni gida in mutu a ɗakina."

Na ji an buɗe jaka, sai ga katin Malama ya shigo ta taga. "Yi mata da wannan," in ji ta.

A saman kaina akwai sanarwa cikin gilashi cewa ba a aron kati, ni da kaina na rataye ta. Ina so in ce muku tausayi ne ya sa na karɓa. Gaskiyar magana rabi tausayi ne, rabi kuma ƙafata ɗaya ta riga ta shiga takalmi. Na ciro jakar takardun Malama, na sa takardar amincewa da aiki a kan taga, na ce mara lafiya ta sa hannu. Ba ta iya rubutu ba, sai na tura mata tawada. Hannun da ya shigo siriri ne, ƙaramin yatsansa ya taɓa karyewa ya warke a karkace, babban yatsan kuma wani tsohon yankan wuƙa ya raba shi biyu. Da ta dangwala, sai shatin ya fito kamar ƙwallon dabino, da tsaga a tsakiya. Na buga hatimi, na rufe taga, na tafi gida na ci abinci har da ƙari.

Daga baya na san ko wace ce. Faccalar Malama ce, matar wan mijinta, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu. Mijin nata Mai Siminti ne, mutum mai faɗin kafaɗa da sahun gaba a masallaci, wanda tun rasuwar ƙanensa yake cewa Malama tana zubar da mutuncin gidansu a bakin kotu. Ranar nan ya dawo bai tarar da ruwan wanka a inda yake so ba, ya sa ƙafa ya shuri matarsa a mara, ya ɗauki jakarsa ya tafi ɗauko kaya na kwana uku. Bai san tana da cikin wata biyu ba, domin tana jiran ranar da zai wayi gari da fara'a ta gaya masa, ranar kuwa ba ta zo ba. Kafin ya dawo an yi mata wankin ciki an sallame ta, ta share ɗaki, ta wanke zanen gado, ta koma ɗora tukunya kamar ba a yi komai ba.

Sai dai takardar sallama. An ce ta ajiye saboda magunguna, ta cusa ta a rigar matashi. Bayan mako biyu Mai Siminti yana neman makullin shago ya zazzage matashin, takarda ta faɗo.

"Wannan ta wace ce?"

Matar ta ce, "Ka... ka duba sunan. Ta Malama ce. Ajiya ta ba ni."

Ya karanta sau biyu. Ɓari, cikin wata biyu, da sunan matar da mijinta ya shekara uku a ƙasa. Daga baya ta ce ranar bai ko doke ta ba a kan ta yi hulɗa da Malama. Dariya ya yi, irin wadda ba ta taɓa ji daga bakinsa ba tun da aka kawo ta gidan.

Washegari aka tara dangi a ɗakin Inna, mahaifiyarsu, tsohuwar da ke son Malama kamar ita ta haife ta. Mai Siminti ya karanta takardar a tsaye, a hankali, yana tsayawa a kowace kalma kamar mai tauna nama. Maman 'Yan Biyu ce ke raba ruwan sha.

Inna ta ce, "'Yata, zo kusa da ni. Ki ce ƙarya ne, ni kuma in yaga takardar nan da hannuna, ko duniya za ta taru."

Malama ta durƙusa a gabanta. Ta ɗaga ido sau ɗaya ta dubi faccalarta, ta ga leɓɓanta sun yi fari, ta ga tagwaye biyu suna leƙe a bayan zanenta. Ta mayar da kai ƙasa.

"Inna, katin nawa ne. Amma ban saɓa wa Allah ba, ban ci amanar ɗanki ba, yana raye ko yana kwance. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan."

"To wa aka kwantar, 'yar nan?"

Hawayen Malama suka riƙa sauka a kan gwiwar tsohuwa.

"Kun gani ko?" in ji Mai Siminti. "Mai koya wa matanmu haƙƙi. Ashe haƙƙin ke nan. Inna, jinin ƙanena ba zai tashi a wannan hannun ba."

Alƙalin da aka kai wa maganar dattijo ne mai tsoron Allah. Ya ce shi ba shari'ar alfasha aka kawo masa ba, babu shaidu, kuma kada wanda ya sake furta kalmar a gabansa. Amma riƙon yarinya amana ne, dole ya tambaya. Sau uku yana tambayar Malama ko akwai wani bayani, sau uku tana cewa katin nata ne, sauran kuma sirrin wani ne da ba ta da ikon buɗewa. Dattijo ya cire tabarau ya goge ido, ya ce yarinya ta koma hannun kakarta har gaskiya ta bayyana. Kakar kuwa a gidan Mai Siminti take zaune.

Ranar da suka zo ɗaukar 'Yar Baba, Malama tana tsakiyar yi mata kitso, an gama ɓangare ɗaya, ɗayan yana tsefe. Yarinya ta ƙanƙame ƙugun uwarta tana cewa, "Umma, me na yi? In don kofin da na fasa ne, ba zan sake ba... Baffa, don Allah ka bari a ƙarasa mini." Malama ta ɓamɓare yatsun 'yarta ɗaya bayan ɗaya da hannunta, don kada wani ya yi da ƙarfi. Ta ɗaura mata ɗankwali, ta ce, "Ba ki yi komai ba, 'Yar Baba. Ki yi sallah a kan lokaci, ki ji maganar Inna. Zan ƙarasa miki, in sha Allahu." Da motar ta sha kwana sai ta koma ciki, ta zauna a kan kujerar kitson da matsefi a hannu, har aka kira sallah ba ta motsa ba.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a jere kamar sun yi alkawari. Shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ba ta wasiƙar hutu wanda ba a rubuta ranar ƙarewarsa ba, ta ce iyaye ne suka matsa. Matan nan huɗu suka zo gidanta tare, suka zauna a bakin kujera, babbarsu ta ce, "Malama, ba wai mun yarda da maganar ba ne. Amma kin san aikin ya fi mutum ɗaya. Ki ɗan ja baya har ƙura ta lafa." Washegari suka sauya kwaɗon ɗakin, bayan wata ɗaya tela ya cire allon ya tokare taga da shi, domin babu macen da mijinta zai bari ta doshi wurin. Yayanta na ciki ɗaya ya aiko cewa kada ta zo sunan 'yarsa, surukansa za su halarta. Wani mai wa'azi ya yi mako uku yana magana a kan matan da suka fi ƙarfin gidajensu, bai kama suna ba, bai kuma bar wa kowa wahalar tambaya ba. Aka yi mata rubutu da gawayi a ƙofa, ta wanke, aka sake, ta bari. Abin da ya fi ci mata rai, wata mata da ta yi wata bakwai tana raka ta kotu har aka ba ta gonar ubanta, ta hango ta a kasuwa ta ja mayafi ta tsallaka titi.

Gidan ya yi mata faɗi. Ta kan manta ta ɗauko faranti biyu, sai ta tsaya da ɗaya a hannu ta rasa inda za ta ajiye. Kullum in an kusa tashi daga makarantar 'Yar Baba, takan je ta tsaya a gindin wata bishiya a tsallaken titi. An gargaɗi yarinyar kada ta ɗaga wa uwarta hannu, don haka in ta fito sai ta tsuguna kamar mai ɗaure igiyar takalmi, ta daɗe tana ɗaurewa, takalmin da ba shi da igiya. Wannan ita ce gaisuwarsu. Malama ta koma gida ta shimfiɗa darduma, ta ce, "Ya Allah, Kai ka ga abin da ya faru ranar nan, ba sai na ba Ka labari ba. Ban roƙe Ka Ka tona asirin kowa ba... Ka dai dawo mini da 'yata ta hanyar da ba za a raba wata da nata ba."

Ni kuwa duk wannan ina jin sa, domin ɗakin kati kunnen asibiti ne. Har a gidana aka yi zancen. Matata ta ce, "Ka ji Malamar nan taku? Dama ni tun farko ban yarda da mace mai yawan zuwa kotu ba." Na ce, "Uhm." Ta ce, "Kai dai ko gobara aka ce ta kama rigarka, uhm za ka ce." Jakar takardun tana kan kanta ta uku daga dama, da dangwalen nan a ciki, tafiyar taku huɗu daga kujerata. Amma saura shekara uku in yi ritaya, kuma sanarwar da ke saman kaina da hannuna na rataye ta.

A wata na huɗu Malama ta zo da kanta, hawan jini ya kama ta. Ban ga abin da ya faru a benci ba, amma na ji shi: ƙarar takalma da jakunkuna suna matsawa nesa da ita, har wurin ya yi tsit. Hannun ya shigo ta taga. Babu alli, babu jan biro, ya rame har agogo yana zamewa.

Na rage murya. "Malama, takardar nan tana nan fa. Da dangwalen. Kowa ya san ke da biro kike sa hannu."

"Na sani, Mai Kati."

"In alƙali ya gani..."

"In ya gani zai tambayi yatsan wane ne. Kafin a rufe kotu an kora ta gidansu, tagwaye kuma sun zama marayu da uwarsu a raye. Shekara shida ina ce wa mata duk abin da suka gaya mini ya mutu a cikina. In na buɗe na wannan don in tsira, wace ce za ta sake buɗe baki a gaban wata? Kada ka ce komai, don Allah."

"To, tunda kin ce."

Ban taɓa jin daɗin bin umarnin mace ba kamar ranar. Ta karɓi katinta, ta ɗan tsaya, ta ce, "Ka san kai ne mutum na farko da ya kira ni Malama a wannan makon?" Na ji muryarta ta karye. Na yi kamar ina neman hatimi, alhali yana hannuna.

A can gidan Mai Siminti kuwa, 'Yar Baba ta yi mako uku ba ta bari kowa ya taɓa mata kai ba, ta ce Ummanta za ta ƙarasa. Da gashin ya cukurkuɗe, Inna ta sa Maman 'Yan Biyu ta tsefe shi. Tana tsifa hawayenta na ɗiga a wuyan yarinyar, har yarinyar ta waiwayo ta ce, "Ke ma an raba ki da Ummanki ne?" Matar ta tashi ta shige banɗaki ta toshe baki da zane. Sau biyu tana zuwa ƙofar ɗakin Inna da niyyar magana, sai ta ji tarin mijinta a tsakar gida ta juya.

Ranar da abin ya fashe wata Litinin ce da hantsi, layi har bakin ƙofa. Na ji muryar tsohuwa a taga tana haki. "Ɗana, a buɗe mana kati. Surukata ce ta faɗi a banɗaki, hannu ya karye."

Wata murya mai kauri ta ƙara daga baya, "Sabo za ka buɗe. Ba ta taɓa zuwa nan ba, a gida take haihuwa. Yi sauri, ina da mota tana jiran sauke kaya."

Na rubuta abin da aka faɗa mini, na tura tawada. Hannun hagu yana rataye, sai na dama ya shigo. Siriri, ƙaramin yatsa a karkace. Ya dangwala, ƙwallon dabino ya fito da tsagarsa.

Yanzu mutane suna tare ni a hanya suna cewa na yi jarumta, ni kuma ina amsawa da fara'a ba tare da na san su wane ne ba. To ga gaskiya. A duk abin da na tsana a aikin nan babu kamar mutum ɗaya da kati biyu, yana hargitsa mini kanta. Ban yi tunanin Malama ba, ban yi tunanin ritaya ba, ban yi tunanin komai ba. Bakina ne ya yi aikin da ya saba.

"Wannan hannun yana da kati a nan," na ce. "Dubu huɗu da ɗari biyu da sha bakwai. Ba ma buɗe biyu."

Na yi taku huɗu, na ciro jakar, na buɗe ta a kan taga daidai takardar amincewa, na ajiye sabon dangwale kusa da tsohon. Sai da na ga sunan da ke bayan jakar sannan na gane abin da na yi. Na sunkuya na leƙa ta ƙarƙashin ƙarfe, karo na farko cikin shekaru, na ga fuskoki uku: Inna, Mai Siminti da matarsa. Ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Inna ta ce, "Ni ban iya karatu ba. Sunan wa ke jiki?"

Wata mata a layi ta miƙa wuya ta karanta mata da ƙarfi, har da kwanan wata da abin da aka yi.

Tsohuwa ta dubi yatsun nan biyu a takarda, ta dubi surukarta. Maman 'Yan Biyu ta sulale ƙasa ta kama ƙafafunta da hannu ɗaya.

"Inna, nawa ne... Cikin nawa ne, jikanki ne. Shi ya shure ni ya zube. Malama ta tsince ni cikin jini, ta ba ni katinta don kada ya sani. Ni na ce nata ne, tsoro ya sa ni. Wata biyar ina kallon yarinyar nan tana kuka a gidana, ina ci ina sha. Yau ma ba faɗuwa na yi ba, Inna. Ban taɓa faɗuwa a banɗaki ba."

Mai Siminti ya manta inda yake. Ya ɗaga hannu a gaban layin mutum sittin zai rufe mata baki, mai gadi da wasu maza biyu suka riƙe shi. Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da hannunka ka kashe naka, ka ɗauki gawar ka rataya a wuyan matar ƙanenka, ka sa ni na taya ka. Kada ka sake kira na Inna sai ranar da na neme ka." Babbar nas ta fito ta shige da mai karaya ciki, ta ce a kira 'yan sanda, ta kuma harare ni harara mai alkawarin za mu haɗu.

Ko gida Inna ba ta koma ba. Makaranta ta wuce ta ɗauki 'Yar Baba tun ba a tashi ba, ta riƙe hannunta suka taka har ƙofar nan mai rubutun gawayi. Malama ta buɗe, yarinya ta faɗa jikinta da ƙarfin da ya zaunar da su duka a ƙasa. Tsohuwa mai shekara saba'in ta durƙusa a bakin ƙofa, maƙwabta suna kallo.

"'Yata, ki yafe mini. Kin gaya mini gaskiya a ɗakina, na zaɓi takarda."

"Tashi, Inna, don Allah tashi, uwa ba ta durƙusa wa 'ya." Ta share wa tsohuwa hawaye da gefen mayafinta, nata suna zuba. Sai ta tsaya cak. "Ta faɗa ke nan? Tana ina? Wa ke tare da ita? Tagwayen fa?"

Ta goya 'yar shekara tara a baya kamar jaririya, suka nufo asibiti. Ni na ji wucewarsu, ban leƙa ba, leƙen ranar ya ishe ni. An ce a bakin gado Maman 'Yan Biyu ta juya fuska bango ta ce ba ta cancanci a dube ta ba, Malama ta juyo da ita ta ce, "Ƙanwata, wanda aka shure ba shi ne mai laifi ba. Buɗe baki ki sha ruwa."

Alƙalin nan ya sa aka kawo jakar, ya sa aka kira ni. Na yi rantsuwa, na faɗi abin da na sani. Ya soke hukuncinsa na farko a take, ya ce a rubuta cewa Malama tsarkakakkiya ce daga abin da aka jefe ta da shi. Ya ɗaure Mai Siminti a kan duka biyu, dukan da ƙazafin, bayan ya sa shi ya tsaya ya janye maganarsa da bakinsa a gaban jama'a. Ya raba auren bisa roƙon matar, ya bar mata tagwayenta. Shagon siminti ya rufe, sahun gaba ya cike gurbinsa ba tare da kowa ya waiwaya ba. Makaranta ta aiko wa Malama wasiƙa mai shafi biyu. Matan nan huɗu suka zo da sabon makulli suna kallon ƙasa, ta karɓa ta ce su zauna ta dafa shayi. Tela ya ciro allon daga taga ya goge shi da kansa. Matar gonar nan ta zo ta yi kuka har ta ba Malama tausayi. Mai wa'azi ya yi mako guda a kan zunubin ƙazafi, nan ma bai kama suna ba. Matata ta ce, "Ai dama ni na san baiwar Allahn nan ba za ta aikata ba." Na ce, "Uhm." A yammacin da 'Yar Baba ta dawo, uwarta ta zaunar da ita a kan kujerar nan ta yi mata kitso tun daga goshi har ƙeya, tana yi tana hamdala, Inna na gefe tana miƙa mata mai.

Asibiti ma bai zauna haka ba. Aka kafa kwamiti ya zauna sau huɗu a kan yadda aka yi kati ɗaya ya ɗauki mutum biyu. Aka ba ni takardar gargaɗi, na sa ta a jakata, don ba na son takarda tana yawo. Sannan, don kada irin wannan ta sake faruwa, aka fito da sabuwar doka: ba za a ƙara buɗe wa mace kati ba sai mijinta ko waliyyinta ya zo da kansa ya sa hannu. Aka sa ta cikin gilashi, aka ba ni ƙusa.

Jiya da la'asar hannun alli ya dafa tagata, kusa da shi wani hannun da wuyansa ya kumbura. Malama ta ce, "Mai Kati, sabo." Na ce su je su zo da mijin.